Jan Farcen Hunturu: Wa Ya Aike Mu?

Kwanan baya wata ɗalibata ta kawo mini labarin da ta rubuta don in duba mata. A shafi na uku na ci karo da tauraruwar labarin, 'yar cikin birnin Kano, tana shafa jan farce mai duhu kamar zoɓo, wai saboda hunturu ya shigo, kuma shi ne launin da ya dace da sanyi. A shafi na huɗu aka kira Magariba, ta tashi ta yi alwala abinta. Nan na ajiye biro. Na sha ganin irin wannan a rubutun 'yan'uwa, don haka gara mu faɗa wa juna gaskiya.

Shin wa ya ce ja mai duhu na lokacin sanyi ne? 'Yan kasuwar Turai da Amurka ne. Tun 1932 kamfanin Revlon ya fara sayar da jan farce a Amurka. A 1994 kamfanin Chanel na Faransa ya fito da wani ja mai kusan baƙi, Rouge Noir, mata suka yi masa rububi. Su can shekararsu kashi huɗu ce, kuma kowane kashi sai an ƙirƙiro masa launinsa don a sake sayen wata kwalbar. A Disamba rana kan faɗi musu tun wajen ƙarfe huɗu, suna fama da manyan riguna masu duhu, sai farcen ya bi rigar. To, mu ina ruwanmu?

Hunturunmu ƙura ce da hazo, da kaushi da faso. Matanmu man kaɗe suke nema, in kuma ja suke so ga lalle nan, wanda in ya kwana a zunguru ya kama sosai, babu kwalbar da za ta nuna masa duhu. Lalle rini ne, ruwa na ratsa shi. Jan farce kuwa fenti ne da ke rufe farce, kuma malamai sun yi bayani cewa alwala ba ta inganta sai ruwa ya taɓa farcen. Shi ya sa a garuruwanmu in aka ga mace da jan farce, 'yan'uwanta mata sukan ɗauka tana hutun salla ne. Marubucin da bai san wannan ba ya tona wa tauraruwarsa asiri bai sani ba, ko kuma ya ɓata mata salla.

Na san za a ce ai zamani ne, kuma marubuci yana da 'yanci. Haka ne. Ban ce kada kowa ya shafa wa tauraruwarsa jan farce ba. Amma a shafa shi da dalili. Ko daga Landan ta dawo? Ko uwar mijinta take son ta tsokana? Me kishiyarta za ta ce in ta gani? Nan labari yake. In babu wannan, kwafe ne kawai daga mujallun waje, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

'Yan'uwa, musamman masu tasowa, kafin ku siffanta hannun mace ku dubi hannun iyayenku da yayyenku a watan Janairu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ita dai ɗalibata na mayar mata da labarinta, na ce ta zaɓi ɗaya, ko ta goge farcen ko ta goge alwalar.

Allah Ya sa mu gane, amin.