Zhaodi: Sunan 'Ya Mace Mai Kiran Ƙane

A ƙauyukan ƙasar Sin an daɗe ana raɗa wa 'ya mace suna Zhaodi. Gaɓar farko na nufin yafito. Ta biyu, wato di, a rubuce tana ɗauke da alamar mace, amma a kunne daidai take da kalmar ƙane. Ashe ɗa namiji iyaye ke yafitowa da sunan jaririyar, domin a al'adarsu namiji ke riƙe sunan gida da hidimar kakanni, mace kuwa ta gidan wani ce.

Manazarcin sunayen Hausa zai yi saurin tuno Kande da Tanko, sai dai kwatancin bai zauna ba. Sunan Kande labarin mai shi yake bayarwa, cewa maza ta biyo. Zhaodi kuwa ya tsallake mai shi, yana jiran wanda ba a haifa ba. Kuskure ne, ke nan, a jera su a rukuni guda na sunayen yanayin haihuwa.

Masu sunan ma sun ji nauyinsa. Tun da kundin dokokin farar hula na Sin, wanda ya jaddada 'yancin sauya suna, ya fara aiki a 2021, mata da dama sun nemi hukumar rajista ta sauya musu shi.