Bashin Waya Na Tona Asirin 'Yan Kasuwarmu

Addu'ar da ta fi yawa a bakin ɗan kasuwa, daga Nima da Maamobi har zuwa Aflao da Paga da Bawku, ita ce Allah Ya rufa mana asiri. Iyayenmu da suka yi fataucin goro da shanu sun gina kasuwancinsu a kan wannan rufin asiri. Baƙo ya sauka gidan maigida a Zango, ya ɗauki kaya bashi, in ya kasa biya a kan lokaci sai a zauna a zaure, daga shi sai mai kaya sai dattijo guda, a sa sabuwar rana. Ko matar gidan ba za ta ji ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ya sa ba a kai shi tsakar kasuwa.

Yau wayar salula ta ɗauke zauren nan. Akwai masu ba da rance ta waya, waɗanda ba ka san fuskarsu ba, ba ka san ofishinsu ba. Ka sauke manhajarsu, su nemi hoton Ghana Card ɗinka da hoton fuskarka, sannan su nemi izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka. Mai neman jarin gobe ba ya tsayawa karatu, sai ya danna amincewa. Kuɗin su shigo MoMo nan take, an riga an zabtare wani abu, wa'adin kwanaki kaɗan, ga ruwa mai nauyi. Ranar da aka makara, sai saƙo ya tafi ga duk wanda ke cikin wayar: suruki, liman, mai ba ka kaya daga Lome, mai kawo maka albasa daga Galmi. A ce musu kai ɓarawo ne, wani lokaci har da hotonka.

Wannan ba jita-jita ba ce. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Ghana ya fitar da sunayen manhajoji 97 da ke ba da rance ba tare da lasisi ba. A watan Yuli na shekarar, hukumar EOCO tare da bankin da hukumar tsaron intanet suka kai samame a Akra, suka kama mutane fiye da 400, har da 'yan ƙasashen waje. An yaba, amma bayanan da aka riga aka kwasa daga wayoyin mutane fa, wa ya dawo da su?

Abin da ya fi damun mu shi ne, ma'aikacin gwamnati in an yi masa irin wannan terere, albashinsa na nan a ƙarshen wata. Ɗan kasuwa kuwa sunansa ne jarinsa. Wanda zai ba ka mota guda ta kaya a kan kalmar baki, ran da ya ga saƙon nan ko bai yarda da shi ba zai ja baya. Kuma lambobin da ke wayarka ba naka ba ne kai kaɗai. Amanar mutane ce, ba su ci bashi ba, ba a tambaye su ba, amma an miƙa su.

Ba 'yan damfara kaɗai ke riƙe da sirrinmu ba. Tun daga Oktoba 2021 aka tilasta haɗa kowane layin waya da Ghana Card, kuma a tsakiyar 2023 aka rufe miliyoyin layukan da ba a haɗa ba. Katin nan guda shi ne na banki, shi ne lambar haraji, shi ne na layin da kuɗin cinikinka ke bi. Ba mu ƙi rajista ba, ta rage wa masu zamba hanya. Sai dai mutanen Zango, waɗanda ba su manta da korar baƙi ta zamanin Busia a 1969 ba, suna da hujjar tambaya: wa ke duba waɗannan bayanai, kuma da izinin wa? A 2023 mutane suka riƙa gano layukan da ba su sani ba an yi rajistarsu da katinsu, har hukumar NCA ta fito da lambar *402# don kowa ya duba. A 2021 ma wata babbar kotu a Akra ta yanke cewa umarnin da gwamnati ta bai wa kamfanonin waya lokacin korona, na su miƙa bayanan masu layi, ya keta haƙƙin sirri.

Doka tana nan. Sashe na 18 na tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin gida da na sadarwa, ga kuma dokar kare bayanai ta 2012, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta ba kowa damar sanin abin da aka ajiye a kansa da kai ƙara. To amma mai sayar da hatsi a kasuwar Nima ran Laraba, da wane yare aka taɓa yi mata bayanin wannan? Muna kira ga hukumar ta sauko kasuwanni da Hausa, ta bi gidajen rediyon unguwa, ta zauna da sarakunan Zango da shugabannin 'yan kasuwa. Limamai kuma, da suke jan kunne kan riba, su haɗa da bin diddigin sirrin mutane, tunda addini ya hana duka biyun.

Kafin nan, jama'a, a daina tura hoton Ghana Card ta WhatsApp don wani yaro ya ce zai gyara layi. A daina bai wa mai MoMo waya da lambar sirri ya danna da kansa, ko da ɗan unguwa ne. Duk manhajar rancen da ta nemi shiga lambobinka, ka bar ta nan, ka koma wurin adashinku ko wurin maigidanka. Wanda kuma aka riga aka fara yi wa barazana, kada ya goge saƙonnin don kunya. Ya adana su, ya kira hukumar tsaron intanet a lamba 292, ko ya kai wa 'yan sanda.