Cassey Ho: mabiya aro ne, zane shi ne dukiya

Iyayen Cassey Ho sun so ta zama likita. Ta karanci ilimin halittu a kwalejin Whittier da ke jihar Kalifoniya, ta kammala a 2009, amma zuciyarta na wajen zanen tufafi. Da za ta koma gabashin Amurka domin aikin zaɓo wa wani kamfani kayan sawa, sai ta ɗora bidiyo a YouTube saboda ɗaliban da take koya wa motsa jikin Pilates kada su daina. Daga nan aka haifi Blogilates, tashar da miliyoyin mutane ke bi a yau.

Masu ba da labarinta kan ce ta bar tufafi ta rungumi motsa jiki. Wannan fahimta ta gaza. Ho ba ta taɓa sakin sana'arta ta fari ba. Tashar ce ta zame mata kasuwa. A 2016 ta kafa POPFLEX, kamfanin kayan motsa jiki, inda take sauraron koken mata kan abin da ke takura musu a sutura, ta zana maganinsa.

Hikimarta ita ce ta gane cewa mabiya a intanet ba mallakin kowa ba ne. Ranar da YouTube ya sauya tsarin nuna bidiyo, rabinsu na iya ɓacewa, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ke hannunta shi ne zanenta, shi ya sa ta yi wa wani siket nata mai gajeren wando a ciki rajistar mallaka.

Mai musu zai ce rajistar ba ta hana komai ba, kuma yana da hujja. A 2023 Ho ta zargi Shein da kwaikwayon siket ɗin, sannan bayan da mawaƙiya Taylor Swift ta bayyana da shi a watan Afrilun 2024, jabu ya cika kasuwannin intanet. Sai dai takardar ce ke ba ta ikon neman a sauke jabun. Wanda ba shi da ita, kuka kaɗai ya rage masa.

A nan batun ya shafi masu tsara manufofi a Abuja. Najeriya na da dokar kare ƙira da zane tun 1970, wadda ke bai wa mai zane kariyar shekara 5, da damar sabuntawa sau biyu, ta ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari. Duk shirin tallafa wa matasa da ya tsaya a rabon keken ɗinki da koyar da talla a Instagram, ba tare da nuna musu ƙofar wannan ofishi ba, yana horar da masu noma ne domin wasu su girbe.