Shirun Hanyar Isa Zuwa Sabon Birni

Wani abokin aikina da ya dawo daga ƙaro karatu a Ingila ya zo mini da labarin abin da ya fi burge shi a can. A ranakun hutu, in ji shi, Turawa kan ɗora kekunansu a jirgin ƙasa su fita bayan gari, suna neman ƙananan hanyoyin ƙauye da mota ba ta cika bi ba, masu hawa da gangara a tsakanin gonaki. Har taswira ake sayarwa ta irin waɗannan hanyoyi, kuma darajar hanya a wurinsu tana ƙaruwa ne gwargwadon shirunta. Da ya gama, sai ya tambaye ni cikin raha ko muna da irinsu a Gobir. Na ce masa muna da su, shirunsu ma ya fi na Ingila. Shi ya yi dariya, ni kuwa na kasa.

A kan keke na san ƙasarmu. A ƙarshen shekarun 1990, ina ɗalibin sakandare, mahaifina ya bar mini tsohuwar Raleigh ɗinsa, baƙa mai kariya a baya da ƙararrawar da ake ji tun daga nesa. Da ita nake tashi daga Isa bayan asuba in nufi Sabon Birni wajen kakannina. Matafiyin mota ba ya sanin cewa ƙasar nan ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, sai mai keke, domin cinyarsa ce ke gaya masa. Akwai jigawar da sai ka miƙe tsaye a kan feda kafin ka ƙure ta, akwai gangaren da za ka saki ƙafa iska ta cika maka riga har ka sauka fadama, inda sanyi ke tarbarka da ƙamshin albasa. Lokacin kaka zangarniyar gero kan rufe gefen hanya, da hunturu kuwa hazo kan ɓoye giginyu sai ka zo dab da su. Idan ƙaya ta huda taya, da wuya ka yi nisa kana turawa ba ka tarar da mai faci a gindin gawo ba, da kwanon ruwansa da famfonsa. Sau ɗaya na ratse da wasu abokai zuwa kufan Alkalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo da ya faɗi a 1808, muka jingine kekuna muka yini muna yawo ba wanda ya tambaye mu daga ina. Mahaifiyata ba ta taɓa hana ni tafiyar ba. Iyakarta ta ce, "Ka gaida Inna, kada ka kai dare."

Wancan shiru na ƙarancin motoci ne, amma hanya cike take da mutane: mata da ƙoren nono, masu jakai, malaman firamare da rajista ɗaure a kariya, ɗan koli da hajarsa. Shirun yau na rashin mutanen ne. A watan Mayun 2020 aka kashe mutum fiye da 70 a rana guda a ƙauyukan Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta taƙaita zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya a yankin. A farkon Disambar shekarar, kusa da Gidan Bawa, aka tare motar matafiya aka cinna mata wuta da mutane fiye da 20 a ciki, a kan wannan hanya dai da nake bi ina fito. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi. Dubban 'yan uwanmu suna tsallaken iyaka a jihar Maraɗi, wasu sun haifi 'ya'yan da ba su taɓa ganin gonar ubansu ba.

Wani zai ce mene ne na kawo zancen keke cikin wannan musiba, kamar mai kukan targaɗe a gaban mai karaya. Dalilina shi ne ban san wani ma'aunin zaman lafiya da ya kai keke gaskiya ba. Babban mutum kan wuce da rakiyar sojoji ya dawo birni ya ce hanya ta buɗe. Direban haya kan jira a taru a yi ayari, ya taka mota iyakar ƙarfinta. Ɗan kabu-kabu yana da gudun da zai gwada sa'arsa, ko da yake babur ɗin nasa shi ne abin da ɓarayin suka fi kwaɗayi. Mai keke ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tafiyarsa a hankali take, shi kaɗai, a fili, kuma idan ya iso jigawa dole ya sauka ya tura. Ba zai fito ba sai zuciyarsa ta tabbatar masa ba kowa a bayan sabara. Shi ya sa idan na ji sanarwar cewa an fatattaki yaran Bello Turji, ko an yi sulhu da wane, nakan kira gida in tambayi abu ɗaya: masu faci sun koma gindin itatuwansu?

Abin takaicin shi ne ba a taɓa buƙatar keke kamar yanzu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu ya gagari malamin makaranta da ma'aikacin ƙaramin asibiti. A cikin Sakkwato da Kano na ga magidanta da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, wasu har da 'yar kunya, domin mun daɗe muna ɗaukar keke alamar talauci. (Mun yi wa marigayi Ojo Maduekwe dariya lokacin da yake ministan sufuri ya ce a koma hawansa, ga shi tilas ta kai mu inda shawara ta kasa.) Amma talakan birni yana da wannan mafita, na Gatawa da Tsamaye ba shi da ita. Mai ya yi masa tsada, keke kuma ya zama kasada, sai ya zauna. Yaron da makarantarsa ke ƙauye na gaba ya daina zuwa, albasa ta ruɓe a gona, mai naƙuda ta haihu a ɗaki.

Ina roƙon wakilanmu na Isa da Sabon Birni a majalisar jiha da ta tarayya, duk ranar da aka kawo musu rahoton tsaro, su nemi a faɗa musu ƙauyuka nawa ne mutum zai iya barinsu a kan keke ya kai kasuwa ya dawo. Adadin waɗanda aka kashe a daji ba ya gaya mana ko hanya ta dawo hannun masu ita. Tsaron da ya tsaya a bakin kwalta da hedikwatar ƙaramar hukuma bai isa inda yawancin Gobirawa suke ba, domin rayuwarsu a kan burtali da 'yan hanyoyin ƙasa take.

Raleigh ɗin tana nan rataye a zaurena a Sakkwato, na sa an sake mata taya da sarƙa. Babban ɗana, mai shekara 14, yana zagaya unguwa da ita bayan la'asar. Kwanan baya ya tambaye ni awa nawa take ɗauka daga Isa zuwa Sabon Birni, na gaya masa. Ya ce idan an yi hutu mu gwada. Na ce masa sai na yi shawara da kakarsa, alhali na san amsar da za ta ba ni.