Tarkon da ke Cikin Wayarka

Ba banza ba maballin "na amince" yake da girma da launi mai ɗaukar ido, na "a'a" kuwa an ɓoye shi a lungu. Da gangan ake tsara manhajoji haka: bidiyo na ƙarewa wani ya kama, jan ɗigo yana ta kiranka ka leƙa. A 2022 hukumar FTC ta Amurka ta sa kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, biyan dala miliyan 245 saboda maballan da suka sa mutane, har da yara, sayen abin da ba su yi niyya ba. Wannan yaudara ce tsagwaronta. Mai karatu, rufe sanarwar da ba ka buƙata, ka karanta kafin ka latsa, domin lokacinka da kuɗinka ake farauta.