Malam Buɗe Littafi Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Yau magana zan yi a kan abin da abokaina na Sabo, nan Ibadan, suke yi mini dariya a kai. Wai ƙato da ni, ɗan mai goro, na tsaya a bakin kwata ina kallon malam buɗe littafi. Wani ma cewa ya yi rashin aikin yi ne. To, bari in kare kaina.

Mahaifina idan ya buɗe huhun goro, kallo ɗaya zai yi ya ce maka wannan ɗaushe ne, wannan sabon ɗauka ne, wannan tsutsa ta shige shi. Ba a makaranta ya koya ba, yawan dubawa ne. Ni ma idon nan na gada, sai dai wani wuri na kai shi.

Na fara ne da bishiyar lemun tsami ta bayan gidanmu. Na ga wani abu a kan ganye kamar kashin tsuntsu, ashe tsutsa ce. Da ta girma ta koma koriya, idan ka taɓa ta sai ta fito da wani abu mai reshe biyu daga bayan kanta, ga wari. Ƙarshenta ta zama babban malam buɗe littafi baƙi mai ɗigon rawaya, wanda masana ke kira Papilio demodocus.

Na biyu shi ya fi burge ni. Launinsa ruwan goro, bakin fiffikensa baƙi da ɗigon fari, yana tashi a hankali kamar ba ya tsoron kowa. Sunansa Danaus chrysippus. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, tumfafiyar da muka sani a gida, wadda Yarbawa ke kira bomubomu, ake kuma daskarar da wara da ita. Dafin ganyen yana zama a jikinsa, shi ya sa tsuntsaye suke ƙyale shi. Akwai kuma wani, Hypolimnas misippus, wanda macensa ta yi kama da shi sak, alhali ba ta da irin wannan dafin. Namijinta kuwa baƙi ne mai manyan tabo farare. Kun ga ashe har a cikin ƙwari akwai jabun kaya!

Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Torben Larsen, ya fitar da littafi a 2005 inda ya tattara kusan iri 1,500 na Afirka ta Yamma, kuma fiye da 1,000 ana samunsu a Najeriya. Mu kuwa duk suna ɗaya muka haɗa muka ba su.

Ga inda nake son zuwa. Kakanninmu sun fi shekara 100 a wannan unguwa, amma da yawanmu matasa abin da muka sani na Kurmi bai wuce kasuwa da tasha da masallaci ba. A ganina wanda bai san bishiya da tsuntsu da ƙwaron garin da aka haife shi ba, har yanzu baƙo ne, ko da ya iya Yarbanci kamar ɗan gari.

Na yarda wannan ba ya kawo ko sisi, kuma ban ce a bar rumfa a shiga daji ba. Ni ma sai ranar Lahadi nake fita, idan hantsi ya yi sun fito shan rana. Ba ka bukatar raga, kada ma ka kama su. Littafi da biro sun isa: rubuta launi, girma, yanayin tashi da ganyen da ya sauka a kai.

Ku gwada da bishiya ɗaya ta ƙofar gidanku, mako guda kawai. Allah ya ƙara mana basira, amin. Sai mun sake haɗuwa.