Kafin A Kai Sulallan Kakanni Kan Sikeli

'Yan'uwa na Hajj Abdalla, Mai Wurno da sauran garuruwanmu.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, gidaje da dama sun buɗe adakar iyaye mata, sun fito da tsofaffin sulalla domin sayen hatsi da magani. Wanda yunwa ta tilasta masa ba abin zargi ba ne. Abin da nake kira a kai shi ne mu san abin da ke hannunmu kafin maƙerin fari ya ɗora shi a sikeli ya narka, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Mutanenmu sun ɗauka tsufa ne ke sa sule tsada. Masu tara sulalla kuwa ƙaranci suke nema, sai lafiyar jikin sulen. A 1983 ƙasar Sin ta buga sulen azurfa mai hoton dabbar panda, guda 10,000 kacal. Yara ne a kan kuɗin kakanninmu, amma yau ana sayensa da ninkin kuɗin azurfarsa sau da yawa, saboda masu nema sun fi abin nema yawa.

To, mu auna namu da wannan ma'auni. Riyalin Mariya Tariza, wanda tsofaffi ke kira liyari, yana ɗauke da shekarar 1780, sai mai shi ya zaci ya riƙe dukiyar ƙarni biyu. Alhali bayan rasuwar sarauniyar a wannan shekara aka ci gaba da buga shi da lamba ɗaya a Biyana, Landan, Roma da Bombai, har ya haura miliyan 300. Galibinsa darajarsa ta azurfa ce, nauyin giram 28. Haka aninai da kwabbai masu huji da Turawan Ingila suka fara bugawa a 1907, da sulallan Sudan na 1956 masu hoton ɗan wasiƙa a kan raƙumi: suna da yawa.

Akasin haka, kuɗin da Halifa Abdullahi ya buga a Omdurman tsakanin 1885 da 1898, azurfarsu ta yi ta raguwa har jan ƙarfe ya rinjaya. A sikeli ba su da wani kuɗi, amma masu tarawa suna neman su, kamar yadda suke neman na Sarki Ali Dinar da aka buga a Fashir kafin 1916. Wanda ya sayar da irin waɗannan bisa awo ya yi asara biyu, ta kuɗi da ta tarihi.

Shawarata ita ce kada a goge sule da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli, kada kuma a huda shi, domin duka biyun suna karya farashinsa. A ɗauki hoton fuskokinsa biyu, a nuna wa mai karatu ya karanta shekarar Hijira da garin bugu, a kuma ji farashi daga mutum fiye da ɗaya.

Idan sayarwa ta zama dole, a fara da masu yawan, a bar ko da guda ɗaya a gida tare da takardar da ta faɗi wa ya zo da shi, kuma ta wace hanya. Zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, da ta alhazan da suka tako da ƙafa, ba su da gidan tarihi nasu. Adakar iyayenmu mata ce ta riƙe mana wannan amana.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, amin.